Sabon Maci da neman asibiti: me za a rubuta a takardar koke?

Tun ranar 1 ga Satumban 2024, da aka soma aiki da dokar gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya a asibitocin gwamnati, aka kuma mai da haihuwa kyauta, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a garuruwan da ke nesa da babban asibiti. An yi murna da rangwamen, don ba mai ƙin sauƙi a wannan zamani. Sai dai rangwame na wanda ya isa wurin ne. Mutumin da matarsa ta kwana tana naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga, kuɗin gado ne ƙarshen abin da ke ransa. Shi ya sa a Sabon Maci da maƙwabtanta, in hira ta faɗo kan lafiya, inda ake tsayawa ɗaya ne: mu dai a gina mana asibiti na gaske.

Masu wannan kira suna da gaskiya, har ma fiye da yadda suke zato. A ƙidayar 2012 gundumar Dakwaro tana da mutum sama da 600,000. In aka bi saurin ƙaruwar jama'ar Nijar da ƙidayar ta nuna, kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, yau lissafin ya kai miliyan. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar kan haihuwa ya ce kowane mutum 500,000 su sami aƙalla wurare biyar na ceton mai naƙuda, ɗaya daga ciki kuma ya zama yana iya yin aiki a ciro jariri, yana iya ƙarin jini. Asibitin gunduma kuwa yana can Dakwaro, shi ke ɗauke da ƙananan hukumomi goma sha biyu, daga Azagor da Tagris a arewa har Sabon Maci a kudu. Duk wanda ya ce kudancin gundumar ya cancanci wurin tiyata na biyu, ba son kai ya yi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hoton da ke zuwa kan mutane in an ce asibiti. Katanga mai farin fenti, ƙofar ƙarfe, babban allo mai sunan gari, gwamna ya zo da almakashi, ƴan makaranta na tafi. Ana maganar kamar ranar buɗewa ce ranar da mutuwar mata wurin haihuwa za ta tsaya. Ƴan siyasa sun san wannan sarai, shi ya sa alkawarin gini ba ya yi musu nauyi a baki. Gini ana ganinsa daga bakin titi, ana ɗaukar hotonsa. Albashin ungozoma ta biyu ba a ɗaukar hotonsa.

Kowa a karkarar Maraɗi ya san labarin injin niƙa na taimako. An kawo shi sabo fil, an gina masa ɗaki, mata sun yi guɗa don sun huta da daka. Wata shida ana niƙa. Ran nan bel ya tsinke, ba a ajiye kuɗin sabo ba. Aka yi karo-karo aka sayo, sai gazuwal ya yi tsada. Yaron da aka koya wa tada injin ya tafi ci-rani Agadas, mai gyara kuma sai an ɗauko shi daga birni, shi ma sai an biya kuɗin motarsa. Yau ɗakin yana nan da kwaɗo a ƙofa, injin yana ciki bai tsufa ba, mata sun koma turmi. Ba wanda ya saci injin, ba wanda ya fasa shi, an dai sayi abin da ake saye sau ɗaya aka manta da abin da ake biya kullum. Ɗakin tiyata haka yake, sai dai shi tsayawarsa rai take ci. Yana bukatar likitan da ya iya wuƙa, da mai sa barci, da mai miƙa kayan aiki, da tukunyar dafa kayan, da ruwan famfo, da iskar shaƙa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Mutum ɗaya cikin waɗannan ya tafi hutu ba wanda ya maye gurbinsa, ɗakin ya zama ɗakin ajiya. Wutar ma ba abin rainawa ba ce: jihar Maraɗi da layin Katsina take sha, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Masana harkar haihuwa suna da wani lissafi mai tada hankali. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in ba a tsayar da shi ba, tana iya cikawa cikin awa biyu. Wadda naƙuda ta toshe mata tana iya kai kwana biyu ko uku, ko da yake jaririn ba ya cika kaiwa, ita kuma in ta tsira sau da yawa da yoyon fitsari take tsira, irin matan da ake yi wa gyara a asibitin Danja. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa abin da ke kashe irin waɗannan mata gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Sabon gini, in ya yi aiki yadda ake so, na biyu ya fi ragewa.

A duba yadda daren yake tafiya a ƙauye. Mace ta haihu bayan isha'i, ungozomar gargajiya ta yanke cibi, mabiyiya ta faɗo, ana barka. Can sai uwar miji ta ga zane na biyu ya jiƙe. Aka ce jinin biƙi ne, a bari ya fita, ƙazanta ce. Aka dama kunun kanwa. Mai gidan yana Libiya ko Legas, wayarsa ba ta shiga, ƙaninsa kuma ya ce shi ba zai fitar da matar yayansa cikin dare ba sai an gaya wa Baba. Kafin a ta da tsoho, a ɗaura wa sa amalanke, a shimfiɗa tabarma, awa guda ta wuce. Ana isa gidan likita, wato CSI, aka buga wa majo, shugaban wurin, ƙofa, ya fito da tocila, ya duba idonta ya ga ya yi fari fat, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce wannan sai jini. Ya kira motar asibiti aka ce ta fita da wani. Daga nan sai neman mai mota a tasha da cinikin jika nawa. Kowane mataki a nan akwai wanda zai iya cewa ba laifinsa ba ne, kuma gaskiyarsa.

Nijar ta riga ta nuna cewa ana iya tare wannan mutuwa tun kafin a kai ga ɗakin tiyata. Daga 2014 aka baza wani tsari a gidajen likita na ƙasar: ƙwayar misoprostol da ke matse mahaifa, wadda ba ta bukatar firiji kamar allurar oksitosin, in jini bai tsaya ba a sa wata ƴar roba cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin, in mace ta soma suma a ɗaure ta cikin wata riga mai matse ƙafafu da mara, ta tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda ake ƙarin jini. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini sun ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ba a aza bulo ko ɗaya don wannan ba. Kaya ne masu araha da horo, da wanda ke bi yana duba ko kayan suna nan.

Tarihin yara ma haka ya nuna. Shirin musamman na marigayi Tandja Mamadou, daga 2001, ya cika ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani. An yi masa ba'a, an ce ɗakuna ne ba ma'aikata, kuma a wurare da dama haka ɗin ne. Amma inda aka sa ma'aikaci aka ba shi maganin masassara da na gudawa da na ciwon haƙarƙari, aka haɗa da gidan sauro da kula da tamowa da maganin yara kyauta daga 2006, mutuwar ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Mutanen Dakwaro ba sa bukatar a ba su labarin yunwar 2005 da tantunan likitocin ƙungiyar MSF, ko aikin da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka ci gaba da yi kan tamowa a asibitin gunduma.

Kyautar nan ta 2006 kuma ita ce ta koya mana abin da ya kamata a yi tsoro yanzu. Tsarin shi ne gidan likita ya yi wa yaro ko mai ciki aiki kyauta, ya rubuta takarda, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Gidan likitan da ba a biya ba ba ya iya sake sayen magani, sai majo ya rubuta takarda ya ce a je kanti. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta, ta zo an ce ta saya, ta koma gida tana cewa ma'aikata ɓarayi ne. Akwai masu halin ɓera a ko'ina, amma yawancin lokaci kabad ɗin ne ba kome. Rage rabin kuɗi na 2024 zai bi wannan hanya in ba a cike gurbin rabin da aka yafe ba, don da kuɗin nan ake sayen auduga da safar hannu da man janareta. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. A yau Nijar ba ta kai nan ba, kuma da matsalar tsaron da ke cin kuɗi, ban ga alamar za ta kai nan kusa ba.

Akwai wani abu da taswira ke faɗi wanda ba a cika kawowa ba. Sabon Maci tana kan titin da ya taso daga wajen Tsibiri ya bi ta Kornaka zuwa Dakwaro, kuma ta fi kusa da Maraɗi a kan hedikwatar gundumarta. A Maraɗi akwai asibitin jiha, da cibiyar kula da uwa da yaro, da babban asibitin ƙwararru, da sashen koyon likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ga mai zubar jini, iyakar gunduma ba ta da ma'ana. Abin da take bukata mota ce mai rai a ƙofar CSI, da direban da ke kwana kusa, da mai a tanki, da izinin a nufi duk inda ya fi kusa kuma aka tabbatar ta waya cewa akwai jini da likita. A wasu gundumomin ƙasar an gwada ƙara dala ashirin kan kuɗin kowane mai zuwa ganin likita, a tara don man motar ɗaukar marasa lafiya, kuma ya yi aiki inda aka riƙe amanar asusun. Garin da ke da kasuwar hatsi da dabbobi irin ta Sabon Maci, inda manyan motoci ke lodi kowane mako, bai kamata a ce man ambulan ya gagare shi ba.

Saboda haka in za a kai takarda gaban kantoma da shugaban gunduma, tunda an rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, ni da za a ji tawa da an jera ta daga abin da za a iya samu bana. Ungozoma ƙwararriya fiye da ɗaya, don a sami mai kwana. Wutar rana da firijin ajiye allurai. Ɗakin gwaji da zai iya auna jinin yaro mai masassara a san ko ya kai a tura shi. Mota da asusunta, da lissafin asusun a manne a bango kowane wata inda kowa zai gani. Sannan wurin tiyata da ƙarin jini, da sunayen muƙaman da za a turo a rubuce kafin a haƙa tushe. Wannan na ƙarshe kuma ya fi ƙarfin gari ɗaya. Ƙananan hukumomi biyar na ƙasar sarautar Kornaka, wato Kornaka da Ajekoriya da Dan Gulbi da Maiyara da Sabon Maci, sun daɗe da kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, har sun yi hulɗa da wasu garuruwan Normandi na Faransa. In biyar ɗin suka nemi wuri ɗaya da murya ɗaya, ma'aikatar lafiya a Yamai za ta rasa amsar da ta saba bayarwa, cewa jama'ar ba su kai yawan da za a buɗe ba. In kowa ya ce sai a garinsa, za a ba kowa haƙuri. Na san inda gardamar za ta tsaya, wato a wane gari za a sa shi, kuma ina ganin titi da yawan haihuwa ne ya kamata su raba gardamar, ko da amsar ba Sabon Maci ba ce.

Sauran magana tamu ce, ba ta hukuma ba. Jini ba a ƙera shi a masana'anta. Jakar da za a ƙara wa mace daga hannun wani ta fito, an gwada ta don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, an ajiye ta cikin sanyi, kuma kwananta kusan 35 ne ta lalace. A asibitocinmu har yanzu dangi ake cewa su kawo mai bayarwa, sai ka ga ƙato mai ɗaukar buhun gero a kafaɗa yana cewa shi jininsa kaɗan ne, ko yana tsoron a gano masa wata cuta. Lokacin da aka fi bukatar jinin kuma shi ne damina zuwa kaka, daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da masassara ke shanye jinin yara, mazan kuma suna gona. Kwamitin da ke neman asibiti zai iya buɗe rajistar samari masu ba da jini tun yanzu, a san rukunin jinin kowa da lambar wayarsa, limamai su yi bayani ranar Juma'a cewa sadaka ce. Haka nan mai tafiya ci-rani ya bar izini a bayyane, gaban mahaifinsa da ƙannensa, cewa in naƙuda ta zo a kai matarsa gidan likita ba sai an neme shi a waya ba, ya kuma bar kuɗin mota a hannun wadda za ta raka ta.