Ɗalibin Malanta da Darasin Kiɗa a Cikin Birnin Kano

Duk mai neman shaidar malanta ta NCE sai an tura shi wata makaranta ya yi zango guda yana koyarwa, malamansa suna leƙo shi jefi-jefi suna ba shi maki. Ɗalibai TP suke kiran wannan zango. Manyan makarantun horar da malamai na Kano, irin ta Kabuga da ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, sun daɗe suna rarraba ɗalibansu a makarantun cikin badala, su Shahuci da Kwalli da Gidan Makama. A cikin ɗaliban nan akwai wanda ya fi ba ni tausayi, wato wanda aka ɗora wa darasin al'adu da fasaha.

Tun 2008, da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, kiɗa da zane da wasan kwaikwayo suka koma darasi guda. Sai ka ga wanda zane ya karanta, ko Hausa, an miƙa masa alli an ce ya koyar da kiɗa. Me zai yi? Ya juya ga allo ya ja layuka biyar, ya rubuta do, re, mi, ya jero sunayen kayan kiɗan Turawa da shi kansa bai taɓa riƙewa ba. Yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. An yi darasin kiɗa ba a ji ko amon tafi ba.

Akan ce rashin kayan aiki ne. Da gaskiya a ciki, amma abin da ya fi ɗaure masa hannu shi ne tsoron bakin mutane. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Uban da ke cikin birni, ɗan gidan malamai ko na attajirai, ba zai so a ce masa an ga ɗansa da ganga a makaranta ba. Ga kuma saɓanin malamai game da kayan kiɗa, wanda ba jiya aka fara shi ba. Wannan ba abin da matashin malami zai yi wa dariya ba ne. Idan ya raina shi, ranar da iyaye za su yi wa hedimasta sallama tana nan tafe.

Sai dai birnin da yake jin tsoro shi ne kuma makarantar da ta fi kowace. Tarihin Kano ya nuna Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a wannan gari, kuma har yau yaron Kwalli yana jin kakaki da algaita da tambari duk hawan salla. Yaron Kabara ya tashi da bandirin Ƙadiriyya a kunnensa. A watan Maulidi ana rera Ishiriniyya, a goman tsakiya na azumi yara na fita tashe, 'yan mata na da waƙoƙin gaɗa, kuma a Islamiyya da waƙe ake haddace darasi. Yaran da ke zaune gaban matashin malamin sun san kari, sun san amshi, sun san inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta. Abin da ba su sani ba shi ne cewa wannan ilimi ne mai suna da ƙa'ida.

Daga nan ya kamata ya fara, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da karin sama da na ƙasa, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum. Ya sa yara su tafa sunayen ƙofofin gari, Ƙofar Mata, Na'isa, Mazugal, Ɗan'agundi, su ji inda tafi ya ja da inda ya gajarce. Ya raba aji biyu, jagora da 'yan amshi, kamar yadda makaɗan fada suke yi. Bayan kunne ya kama, sai a zo ga alamomin allo, yaro ya gane cewa abin da ya tafa ne ake rubutawa. Zoltán Kodály na ƙasar Hangari, wanda tsarinsa ya yaɗu a duniya, a kan haka ya gina koyarwarsa: murya kafin kayan kiɗa, waƙoƙin gida kafin na baƙi. Kwabena Nketia na Gana ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa kiɗan Afirka abin nazari ne. Mu ma muna da namu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa a littattafansa, amma ɗalibai nawa ne suke buɗe su kafin su tsaya gaban aji?

Fara darasi da murya da tafi yana kuma kwantar da hankalin iyaye. Malami mai wayo yakan sanar da hedimasta tun kafin ranar, don kada a ji tafi a ɗauka aji ya gagare shi. Yana iya ba yara aikin gida su je wurin kakarsu su koyo waƙar raino ko ta daka, wadda injin niƙa yake neman shafewa. Kakar da aka nemi iliminta da wuya ta zo ƙorafi.

Sauran nauyin yana kan malaman da ke zuwa duba TP. Muddin littafin tsara darasi da tsabtar allo kaɗai ake ba wa maki, ɗalibi zai ci gaba da jan layuka biyar, domin makin yake nema. Mai dubawa ya zauna a bayan aji har ƙarshen darasi, ya saurari ko yaran za su iya riƙe kari tare, sannan ya rubuta makinsa.