Sandunan Ƙarfe na Ƙwallon Lambu: Yadda Ake Auna Ingancinsu a Filin Rayfield

Gabatarwa

A unguwar Rayfield da ke maƙwabtaka da Bukuru, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, akwai filin wasan golf, wato ƙwallon lambu, wanda aka kafa tun shekarar 1913. Turawan haƙar kuza ne suka kawo wasan, kuma ana lissafa wannan fili a matsayin mafi daɗewa a Nijeriya. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni sun watse sun bar mana tafkuna da tuddan ƙasa, amma wasan yana nan. Wannan maƙala za ta duba kashi ɗaya na kayan wasan, wato sanduna masu kan ƙarfe waɗanda 'yan wasa ke kira ayon, musamman irin masu tsadar nan da ake ƙera wa gwanaye. Saiti guda na irinsu yakan kai dala 1,400 ko fiye, wanda a canjin shekarar 2025 ya haura naira miliyan biyu. Mai fitar da irin wannan kuɗi ya kamata ya san abin da yake saya, ya kuma san ko zai yi masa aiki a ƙasar da zai buga wasa a kanta.

Siffar sandar

Dokar wasa ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14 kacal a jakarsa, kuma kusan rabinsu ayon ne. Idan mai karatu ya san fartanya, to ya san rabin bayanin, domin ayon ma ƙota ce da ruwa. Ƙotar siririn bututun ƙarfe ce mai mariƙin roba, ruwan kuma shi ne kan da ke dukan ƙwallo. Kan yana da fuska mai tsage-tsage, da tafi wanda ke taɓa ƙasa, da diddige ta wajen ƙota, da baki ta ɗaya ɓangaren. Fuskar ba a miƙe take ba, a jingine take ta baya, kuma da digiri ake auna wannan jingina. Gwargwadon jinginar, gwargwadon yadda ƙwallo zai tashi sama ya faɗi kusa. Shi ya sa aka yi musu lambobi: lamba 4 tana kai ƙwallo nesa a ƙasa-ƙasa, lamba 9 tana ɗaga shi sama ya sauka kusa.

Lokacin da aka buɗe filin Rayfield ƙotocin duk na icce ne, sandunan kuma sunaye gare su maimakon lambobi. Sai a 1929 hukumar R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan ta halatta ƙotar ƙarfe, bayan takwararta ta Amurka, USGA, ta riga ta yi hakan a 1924.

Ƙira da zubi

Hanya biyu ake bi wajen yin kan ayon, kuma duk Bahaushe ya san su. Ta farko ita ce ƙira, aikin maƙeran baƙi: a ɗauki guntun ƙarfe mai ƙarancin kabon, irin wanda masana'antu ke kira 1025 ko S25C, a gasa shi ya yi jawur, a danne shi da gudumar inji sau da dama har ya ɗauki siffa, sannan a goge shi a shafe shi da ruwan ƙarfe mai hana tsatsa. Japan ta yi fice a nan. Kamfanin Mizuno yana yin ƙirarsa a Hiroshima, shi kuwa Katsuhiro Miura da iyalinsa a yankin Himeji suke aiki. Hanya ta biyu ita ce zubi, irin na maƙeran fari da na masu zubin tagulla a Binin: a yi siffar abu da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa.

Wanda ya ɗaukaka zubi a wannan sana'a shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya kafa kamfanin Ping a Amurka. Da zubi ya sami damar rarake bayan kan, ya kwashe nauyin daga tsakiya ya kai shi gefe-gefe, kuma sandarsa Ping Eye2 ta 1982 ta sauya kasuwar gaba ɗaya. Hikimar abin a bayyane take ga wanda ya taɓa kallon mai ga-ruwa. Sandar da aka rataya wa garwa biyu a bakunanta tana da wuyar juyawa farat ɗaya, saboda nauyin yana nesa da kafaɗa. Haka kan da nauyinsa ke gefe ba ya saurin murɗewa idan ƙwallo ya kauce wa cibiyar fuska, sai bugun kuskure ya tafi kusan inda aka nufa. 'Yan wasa kan ce irin wannan sanda tana yafiya.

To me ya sa gwanaye da yawa, irin su Tiger Woods, suka riƙe ƙirarren kai mai toshen baya, wanda ba ya yafe komai? Dalili shi ne gwani yana so ya murɗa ƙwallo da gangan, ya lanƙwasa shi dama ko hagu don kauce wa itace, ko ya kwantar da shi ƙarƙashin iska. Yana kuma so sandar ta gaya masa gaskiya a hannu idan ya kuskure cibiya. Ban da haka, ƙirarren ƙarfe mai taushi ne, ana iya ɗaure shi a inji a lanƙwasa wuyansa digiri ɗaya ko biyu don ya dace da tsayin mai shi. Akwai kuma abin da suke kira taushin bugu, wanda a nan ne 'yan talla suka fi cika baki. Haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kafin hannu ya ji komai ƙwallo ya riga ya tafi. Yawancin abin da ɗan wasa ke kira taushi ƙarar bugun ce da kunne ya ji da girgizar da ta biyo ƙota, kuma siffar kai tana da hannu a ciki kamar yadda irin ƙarfen yake da shi.

A yau iyakar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta fara shafewa. Sanduna irin su Titleist T100 ƙirarru ne, amma an cusa musu tangistin a diddige da baki. Wannan ƙarfe ya ninka baƙin ƙarfe nauyi kusan sau biyu da rabi, saboda haka ɗan guntu kaɗan ya isa ya ba ƙaramin kai yafiyar babba. Ma'adinin da ake fitar da shi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, an haƙo shi tare da kuza a Riruwai ta jihar Kano. Wasu kuma, kamar TaylorMade P790 da ta fito a 2017, kansu rami ne aka cika da kumfa, fuskar kuma siririya ce mai ɗan lotsawa ta wurga ƙwallo.

Lambar da ke ruɗi

A nan ne mai saye ya fi shiga tarko. Babu dokar da ta ce lamba 7 sai ta kasance digiri kaza. A sandunan gwanaye na gargajiya lamba 7 takan kasance digiri 34 ko 35, amma akwai sababbin sanduna da aka rubuta wa 7 alhali jinginarsu 30 ce ko ma ƙasa da haka. Mutum ya gwada, ya ga ƙwallo ya ƙara yadi goma sha biyar, ya yi murna ya ce fasaha ce, alhali lamba 6 aka ba shi da sunan 7. Ga gwani kuwa nisa ba shi ne aikin ayon ba, aikinta shi ne ta ajiye ƙwallo kusa da rami ya tsaya inda ya sauka.

Abu biyu ne ke tsayar da ƙwallo: juyin da yake yi ta baya, da yadda yake saukowa a tsaye. Na'urar TrackMan, wadda wani kamfanin Denmark ya ƙera da fasahar rada, ta nuna cewa ƙwararrun gasar PGA ta Amurka kan sa ƙwallo ya juya kimanin sau 7,000 a minti da lamba 7, ya kuma sauko a kusurwa ta kusan digiri 50. Idan aka rage jingina, juyin yakan ragu, saukar kuma ta kwanta. Tsage-tsagen fuska su ne ke kwashe ciyawa da ruwa daga tsakanin ƙarfe da ƙwallo don juyin ya tabbata, kuma tun farkon 2010 hukumomin wasan suka taƙaita girmansu da kaifin bakinsu.

Iskar Jos da ƙasarta

Duk alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a takardun talla a filayensu suka same su, ba a Filato ba. Jos da Bukuru suna sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a wannan tsayi iska ta fi ta bakin teku sauƙi da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Iska mai sauƙi ba ta tare ƙwallo sosai, don haka ana ƙiyasta ƙarin nisa na kusan kashi 5 cikin 100. Ke nan wanda ke kai yadi 160 da lamba 7 a filin Ikoyi na Legas zai iya ganin 167 ko 168 a Rayfield. Tazarar da ke tsakanin sanda da mai bi mata yadi 10 zuwa 12 ce, wato baƙon da bai yi lissafi ba zai riƙa wuce rami da fiye da rabin sanda.

Amma abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne iskar da ke tare ƙwallo ita ce kuma ke tallabe shi. Juyin baya yana ɗaga ƙwallo ne ta hanyar tura iska ƙasa, in iskar ta yi sauƙi ɗagawar ta ragu, ƙwallo ya tafi a kwance ya sauka a kwance. Haɗa wannan da ƙasar hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da jar ƙasa ke bushewa ta yi tauri kamar daɓe. Sandar da aka rage wa jingina ta riga ta rage juyi, tsauni ya rage ɗagawa, ƙasa kuma ta ƙi riƙewa, sai ƙwallo ya dira a inda aka so ya yi ta gangarawa har ya fita ta baya. A ganina, ɗan wasan Filato ya fi kowa buƙatar jinginar gargajiya, domin tsaunin ya riga ya ba shi nisa kyauta, tsayawa ce yake nema.

Tafin sanda ma abin dubawa ne. Tafi mai faɗi da tudu yana hana kai nutsewa a ƙasa mai laushi, kuma yana da amfani da damina, wadda a Jos takan yi tsawo daga Afrilu zuwa Oktoba. A busasshiyar ƙasa kuwa irin wannan tafi tsalle yake yi, bakin fuska ya sami ƙwallo a ciki, ya fita da gudu a ƙasa. Siririn tafi ya fi shiga ƙarƙashin ƙwallo a nan. Sai dai kowace riba da kuɗinta: ƙarfe mai taushi ya fi saurin cinyewa, kuma ƙasa mai yashi da tsakuwa tana goge tsage-tsagen fuska kamar magagari. Wanda ke atisaye kullum a busasshen fili zai ga cibiyar lamba 7 ɗinsa ta yi santsi tun sauran sandunan suna sababbi.

Yadda za a gwada

Na'urar rada tana da tsada, ba kowane fili ke da ita ba, amma ana iya yin gwaji mai ma'ana ba tare da ita ba. A nemi ƙwallaye iri ɗaya, irin waɗanda ake wasa da su, a buga goma da kowace sanda, a sa yaron ɗaukar jaka ya tsaya gefe yana sa alama a inda kowane ya dira da inda ya tsaya. Kada a cire bugun da ya lalace daga lissafi, domin shi ne ke nuna yafiyar sanda. Bugun da ya fi nisa ba shi da wani amfani a wannan gwaji. A auna tazarar da ke tsakanin mafi kusa da mafi nisa, da faɗin warwatsuwar dama da hagu, da yawan gangarawa bayan dira. Sandar da ta tara ƙwallaye goma a wuri ɗaya a yadi 155 ta fi wadda ke kai 170 wani lokaci, wani lokaci 150. A maimaita gwajin da sanyin safiya da kuma tsakar rana, domin iskar sanyi ta fi nauyi kuma tana rage nisa.

Don sanin ko zaman kai ya dace da mutum, a ja layi a tsaye a jikin ƙwallo da alƙalamin maka, a juya layin ya fuskanci sanda, a buga. Tawadar za ta fito a fuska. In layin ya fito a miƙe, zaman ya yi daidai, in ya karkata, to ko diddige ko baki ne ke riga taɓa ƙasa, kuma fuskar tana kallon gefe ba tare da mai ita ya sani ba. Nauyin ƙota ma a gwada shi, domin ƙotocin ƙarfe na gwanaye sukan kai giram 120 zuwa 130, kuma abin da hannu ya ɗauka da sauƙi a rami na farko yakan yi nauyi a na goma sha takwas.

Da yake da yawa daga sandunan da ke hannun 'yan wasanmu na hannu ne ko tsaraba daga waje, akwai ƙarin hattara. Jabun sanduna masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun yawaita a kasuwannin intanet, kuma sukan tona kansu ta rashin daidaiton nauyi tsakanin sanda da sanda, da kaushin rubutu, da warin robar mariƙi. Na gaskiyar ma, in ƙirarru ne kuma sun sha duka a ƙasa mai tauri, jinginarsu takan gusa da kanta, har a tarar lamba 7 da lamba 8 suna kai ƙwallo wuri ɗaya. Kafin a biya kuɗi a sa farce a cikin tsagar da ke tsakiyar fuskar lamba 7 da ta lamba 9, a kwatanta da ta can gefen baki inda ƙwallo ba ya taɓawa. In farce ya zame a tsakiya ya kama a gefe, a rage farashi ko a nemi wani saitin.