Robar da ke cikin aljihunka: abubuwan mamaki game da folifirofilin

Kife mazubin roba ka duba gindinsa. In ka ga lamba 5 da haruffan PP, to folifirofilin ce a hannunka. Ga kaɗan daga labarinta.

• Fetur ake nema, aka tsinci roba. A 1951, masana biyu na kamfanin Phillips a Oklahoma ta Amurka, Paul Hogan da Robert Banks, suna ƙoƙarin mayar da iskar gas fetur, sai wani farin abu ya daskare musu a bututu. Ashe arziki ne ya yi sallama.

• Wa ya riga wa? Ɗan Italiya Giulio Natta ya haɗa tasa a 1954, kamfanin Montecatini ya kai ta kasuwa a 1957. Natta ya ci kyautar Nobel a 1963 tare da Bajamushe Karl Ziegler, amma takardar mallaka a Amurka sai a 1983 ta faɗa hannun Phillips, bayan doguwar shari'a.

• Ba ta nitsewa. Ruwa ya fi ta nauyi, shi ya sa igiyar da aka tuƙa da ita ke yawo a saman ruwa.

• Tafasasshen ruwa bai dame ta ba. Sai zafi ya kai wajen digiri 160 take narkewa.

• Lanƙwasa ba ta karya ta. Murfin man shafawa da kake buɗewa kullum ba ƙarfe a maƙalarsa, siririyar robar ce kawai.

• Kuɗi ce ma. Ostireliya ta fara buga kuɗin roba a 1988. Najeriya ta bi sahu da naira 20 a 2007, sai naira 5 da 10 da 50 a 2009.

• Har cikin jiki take shiga. Da ita ake yin wani zaren ɗinkin tiyata, da ragar da likitoci ke sa wa mai ƙaba. Takunkumin zamanin korona ma ita ce.

• Rana ce ajalinta. Buhun taki da kujerar biki duk ita ce, kuma hasken rana na cin su sannu a hankali har su riƙa marmashewa.

Saboda haka, mai buhu da mai kujera, a nema musu inuwa.