Me ya sa karen birni ke buƙatar fita kullum?

A shekarar 2020, ministar noma ta Jamus a lokacin, Julia Klöckner, ta gabatar da ƙudurin wajabta fitar da kare sau biyu a rana, na aƙalla awa ɗaya jimilla. Dalilin a fili yake: karen da ya yini kulle a ɗaki yakan yi ƙiba, ya addabi maƙwabta da haushi, ya tattaune kayan gida.

Sai dai tafiya kaɗai ba ta wadatarwa. Da hanci kare yake sanin duniya, don haka barinsa ya sunsuna hanya, ko ɓoye masa abinci ya nemo, kan sa ya natsu. Tsohon kare da kwikwiyo kuwa, gajeriyar fita ta fi dacewa da su.