Tristan da Cunha: Tsibirin da Mura ke Zuwa wa a Jirgin Ruwa

Can tsakiyar kudancin tekun Atilantika akwai wani ɗan tsibiri mai suna Tristan da Cunha, wanda tsakaninsa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya kai kimanin kilomita 2,800. Babu filin jirgin sama a cikinsa. Mai son zuwa sai ya shafe kusan kwana 6 a jirgin ruwa. Mazaunansa ba su kai 300 ba, kuma noman dankalin Turawa da su ne sana'o'insu. Wannan nisa ya sa tsibirin ya zame wa masana ilmin likitanci tamkar ɗakin gwaji.

Asalin al'ummar

Wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Fotugal ne ya fara hango tsibirin a 1506, aka kuma sa masa sunansa. A 1816 Ingila ta girke sojoji a wurin, don gudun kada a bi ta nan a kuɓutar da Napoleon da ke tsare a tsibirin Saint Helena. Da aka janye sojojin, wani kofur mai suna William Glass ya zaɓi zama tare da iyalinsa. A 1827 aka kawo mata 5 daga Saint Helena, jama'a ta fara yaɗuwa. Sai dai ba ta yaɗu lami lafiya ba, domin a 1885 mazaje 15 suka salwanta a cikin kwalekwale ɗaya, abin da ya ƙara taƙaita zuriyar.

Ciwon da aka gada

Tun da yake mutanen tsibirin duk jikokin kakanni ƙalilan ne, kusan kowane aure a can auren zumunta ne, ko an so ko ba a so ba. Idan ɗaya daga cikin kakannin yana ɗauke da ƙwayar gadon wata cuta, to za ta yi ta yawo cikin zuriyar fiye da yadda ake gani a babbar al'umma. A 1993 likitoci daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka duba kusan kowa a tsibirin, suka tarar fiye da mutum ɗaya cikin biyar yana fama da ciwon asma, wato fuka. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa gado yana da hannu a ciwon.

Ciwon da ake kawowa

Ita kuwa mura, ƙwayar cutarta ba ta iya daɗewa cikin jama'a kaɗan. Da zarar ta zagaye kowa, sai ta rasa wanda za ta kama, ta mutu. Saboda haka mutanen kan yi watanni ba tari ba atishawa, har sai jirgi ya iso. Amma wannan hutu yana da tsada, domin garkuwar jiki ba ta sanin cutar da ba ta taɓa karo da ita ba. A 1961 dutse ya yi aman wuta kusa da ƙauyensu, aka kwashe su gaba ɗaya zuwa Ingila. A can cututtukan ƙirji suka addabe su, wasu tsofaffi suka rasu, kuma a 1963 yawancinsu suka koma gida. A 1971 wani jirgi ya kawo musu mura mai tsanani, ta kwantar da kashi 96 cikin ɗari na jama'ar.

Kammalawa

Ɗalibin kimiyya zai ga cewa tekun da ke tsare waɗannan mutane daga annoba, shi ne kuma ke barin jikinsu ba shiri ranar da ta iso. Wannan ne amfanin allurar riga-kafi: tana gabatar da cuta ga garkuwar jiki ba tare da mutum ya kwanta ba, domin ranar da cutar ta zo da gaske ta tarar an san ta.