Dabba Ma Tana Auna Ladan Yau Da Na Jiya

A shekarar 1928 wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, O. L. Tinklepaugh, ya kife kofi a kan ayaba a gaban idon wani biri, sa'an nan ya sa shamaki, ya musanya ayabar da ganyen latas. Da birin ya ɗaga kofin sai ya ƙi taɓa ganyen, ya shiga dube-dube, har ya yi wa masu gwajin ƙara. Alhali kuwa a wasu ranaku yakan ci latas ba gardama.

A lokacin, yawancin masana sun ɗauka cewa ƙwazon dabba yana bin girman ladan da ake ba ta ne kawai. Leo Crespi na Jami'ar Firinston ya girgiza wannan ra'ayi a 1942. Ya koya wa ɓeraye gudu cikin wani dogon akwati zuwa wurin abinci. Waɗanda suka saba samun ƙwaya 256, da aka mayar da su kan 16, sai gudunsu ya faɗi ƙasa da na waɗanda tun fil azal 16 suke samu. Abinci iri ɗaya, yawa ɗaya, amma ƙwazo ya sha bamban.

Gwajin da ya fi ban mamaki shi ne na G. S. Reynolds a Jami'ar Habad a 1961. Tantabaru ne ke caccakar wani maɓalli mai sauya launi, ja ko kore, ana sako musu hatsi jefi-jefi a kowane launi. Sai ya daina ba da hatsi a launi guda, ɗayan kuwa bai taɓa shi ba. Caccaka ta ragu inda hatsi ya yanke, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma a ɗaya launin, inda ko ƙwaya ba a ƙara ba, tantabarun suka ƙara himma fiye da dā.

Wannan batu bai tsaya kan tsuntsaye ba. Masu horar da dabbobi, da malaman da ke gyaran halin yara, suna la'akari da shi, domin halin da aka daina kulawa a aji yana iya ƙaruwa a gida, ko da iyaye ba su sauya kome ba. Saboda haka ne ake son malami da iyaye su haɗa baki kafin a fara gyaran.