Takardunki a hannunki: kariyar macen da ake duka a ƙasar waje

A zaman asusunmu na wannan wata, wata daga cikinmu da ta dawo daga Aljeriya ta ba mu labarin da ya sa kowa ta yi shiru. Ta yarda in rubuta, amma ban da sunanta.

Mijinta ne ya kai ta Tamanrasat da yara biyu. Tun a hanya ya karɓe katinta na ɗan ƙasa da takardun haihuwar yaran, wai zai adana. Da duka ya fara, kullum maganarsa ɗaya ce: in ta kai ƙara za a kama ta, a jefar da ita a hamada, yara su zauna wurinsa. Shekara biyu tana haƙuri. Ta ce mana tsoron rabuwa da yaran ya fi dukan ciwo.

Mu mutanen Kance mun san wannan hanya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara na yankinmu. Har yau ana kora daga Aljeriya, ana sauke mutane kusa da iyaka su taka kamar kilomita 15 zuwa Asamaka. To, miji mai mugun hali ya san da haka, shi ya sa yake mai da takarda igiyar ɗaure mace.

Wasu ƙasashe sun gane wannan dabara, sun yi mata doka. A Amurka, tun 1994, matar ɗan ƙasa ko ta mai izinin zama na dindindin, in yana cin zalinta, tana iya neman takardar zama da kanta ba tare da saninsa ba. A Faransa, matar da aure ya ba ta takardar zama ba a ƙwace ta don ta bar gida saboda duka, kuma akwai lambar 3919 da ake kira kyauta. Mai ɗiya ko ƙanwa a can ta gaya mata.

Aljeriya ma ta yi doka a ƙarshen 2015 mai hukunta mijin da ke dukan matarsa. Sai dai mace marar takardun zama na tsoron ta je wurin ƴan sanda a kama ta ita. Kun ga kenan, inda matanmu suka fi zuwa, kariyar daga gida take farawa.

Ga abin da muka tsayar a ƙungiyarmu. Duk wadda za a kai aure ko zama wata ƙasa, ko Kano ce, ta yi katinta kafin ta tashi, ta riƙe shi a jikinta. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa a kan lokaci ba, a je gidan shari'a a nemi wadda alƙali ke bayarwa. A yi fotokopi na kowace takarda, har da ta aure, a sa a akwatin ƙungiya. Ta haddace lambar waya biyu, ta gida da ta shugabar ƙungiya, don waya ma ana ƙwacewa.

In abu ya faru, ta je likita a rubuta raunin. Takarda in ta salwanta, ofishin jakadancin Nijar na ba ɗan ƙasa takardar komawa gida, kuma fotokopin nan na sauƙaƙa aikin. Wadda aka koro, hukumar OIM na karɓar mutane a Asamaka da Arlit da Agadas. A nan gida kuma akwai ANAJJ, mai taimaka wa marasa hali a gaban shari'a.

Ƴar'uwarmu ta iso da yaranta duka biyu, da taimakon wata maƙwabciya da ta ɓoye su kwana uku. Asusun taimako ya ba ta jaka goma, ta fara suyar ƙosai. Ranar zama mai zuwa, kowa ta zo da takardunta mu duba tare. Allah ya tsare mu da ƴaƴanmu, amin.